Abin da Na Kasa Faɗa Maka, Na Sayo Maka a Leda

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Lawali, ɗana,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa ka sauka Zariya lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki. Zan sa wannan takarda a aljihun jakarka na gefe, ƙarƙashin takardun makaranta, domin na san nan za ka fara buɗewa ranar rajista.

Ka ga na rubuta sunanka. Shekara goma sha takwas ina ce maka "kai" ko "yaron nan", yau ga shi na rubuta shi da hannuna, kuma ban ga abin da ya same ni ba.

Tun ranar da sunanka ya fito a jami'a na kasa zama wuri ɗaya. Ni da abokan aiki ke yi wa tsiya a ɗakin labarai cewa ko gobara na gani da idona sai na nemi majiya ta biyu, sai ga ni na tare mai keke napep a bakin titi ina gaya masa ɗana zai karanta injiniyan ruwa. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Alhaji, Allah shi sa albarka, amma ina muka nuhwa?" Wallahi na manta inda za ni. Mahaifiyarka kuwa ta kira Argungu sau uku a yini ɗaya, labarin bai canza ba, amma kowane kira sai an yi sabuwar guɗa. Gidan nan ya daɗe bai ga farin ciki irin wannan ba, kuma kai ka kawo shi.

Cikin wannan murna akwai abu ɗaya da nake tsoro, shi ya zaunar da ni rubutu. Ina tsoron ranar da nauyin zuciyar nan zai sake ziyartarka a garin da ba wanda ya san yadda fuskarka take in kana lafiya, ka rufe ƙofa, ka yi shiru, ka koma ci kai kaɗai, kamar yadda ka yi kusan shekara biyu a gidan nan muna kallo ba mu gane ba. Ba zan iya bin ka Zariya ba. Abin da zan iya shi ne in faɗa maka inda na yi kuskure, dalla-dalla, don ka gane hanyar in ka sake ganin ta.

Kai ne ɗan fari. Yadda aka rene ni a Argungu, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Har mahaifina ya rasu ban taɓa jin ya ambaci sunan babban yayanmu ba, kuma ba wanda ya yi shakkar yana sonsa. Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai da na tsufa. A wancan gida, abin da uba ya riƙe don kunya, baffanni da gwaggwanni da kakanni ne ke bayarwa. Yayanmu yana da ɗakuna biyar da zai shiga ya yi kuka a rarrashe shi. Ni na ɗauko kunyar na kawo ta gidan haya mai ɗaki uku a Gwadangaji, na baro baffannin a can. Mahaifiyarka ma tana tata kunyar ɗan fari. Sai ka tashi tsakanin mutum biyu masu sonka, babu wanda zai iya buɗe baki ya faɗa.

To, son da bai fita ta baki ba sai ya nemi wata hanya. Tawa hanyar leda ce. Kana ajin farko na sakandare ka dawo wata rana da aljihun riga a yage, idanunka jajur. Na gan ka sarai. Aikina ke nan, tambaya: na tambayi manoma, na tambayi 'yan kasuwa, na tambayi manyan mutanen da ba sa son a tambaye su. Amma ban iya ce wa ɗana "me ya faru?" ba. Na hau babur na tafi wajen mai tsiren nan na Badariya, na dawo na ajiye ledar a gabanka na ce, "Ungo." Ka ci, na ce a raina an wuce wurin. Daga nan abin ya zama al'ada. Sakamakon jarrabawa bai yi kyau ba, balangu. An yi maka faɗa, masa da lemon kwalba. Na dawo daga tafiyar aiki na mako guda ina kewarka, kilishi. Ni na koya maka cewa in zuciya ta yi zafi ciki ake cikawa, kuma ka kasance ɗalibi mai hazaƙa.

Saboda haka ga shawarata ta farko. Abinci ba abokin gabarka ba ne, kada ka bari kowa ya sa ka ji kunyar cinsa. Amma in ka ji hannunka ya nufi leda a lokacin da ba na cin abinci ba, ka dakata kaɗan ka tambayi kanka: yunwa ce, ko kaɗaici, ko haushi, ko tsoron jarrabawa? In yunwa ce, bismillah. In ɗayan ne, tsire ba ya maganinsa, na gwada a kanka shekara da shekaru. Kuma ka riƙa cin abincinka cikin mutane. Ka sami mutum biyu ko uku da za ku riƙa sa hannu tare, ko da wake da shinkafa ne a kwano ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Kana da shekara goma sha huɗu muka je Argungu bayan girbi. A lokacin jikinka ya buɗe sosai, kuma a gidanmu wannan abin yabo ne. Kakarka Hajiya Ige takan kama kumatunka ta yi ta godiya ga Allah. Da hantsi muka shiga shagon mijin gwaggonka, inda ake auna buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a kan babban sikelin nan na ƙarfe. Nasiru ɗan gwaggonka yana wurin. Taubashinka ne, kuma ka san dokar: taubashi ya faɗi abin da ya ga dama, ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ne abin dariya.

Nasiru ya dube ka ya dube ni ya ce, "Kawu, don Allah a ɗora muna Giwan Ruwa bisa sikeli, mu gani ko ya kai buhu!"

Masu dako suka fashe da dariya. Kakarka da ke zaune a bakin ƙofa ta ce, "Ku ƙyale min miji! Ƙoshi na, ba ciwo ba. Ku da kuka bushe kamar karan dawa, hassada kukai."

Nasiru ya ce, "Hajiya, in mijinki ya shiga jirgi, sai dai a kira masunta su hiddo shi da koma!"

Ka dube ni. Na tuna wannan kallo sosai. Na ɗauka izini kake nema. Na ce, "Hau mana, ai wasa ne." Ka hau. Ni da kaina na matsa kusa, na gyara tabarau, na karanta lambar da irin muryar da nake karanta labarai, har da "majiyarmu ta tabbatar". Shagon ya kaure. Kai ka fi kowa dariya, shi ya sa na tafi da zuciya wasai. A mota muna dawowa ba ka ce uffan ba, sai na tsaya na saya maka soyayyen kifi.

Abin da ban sani ba, wani ya ɗauki abin a waya. Kafin a dawo daga hutu hoton ya kai ga 'yan ajinku, kuma sunan ya riga ka shiga makaranta. A Argungu wasan taubashi ne, mai iyaka, wanda kai ma kake da damar ramawa. A makaranta ya zama yara arba'in a kan mutum ɗaya, ba taubashi ko ɗaya a cikinsu.

Ban ce a daina wasan taubasai ba. Ina son wasan nan, ya ɗinke zumuncin da faɗa ya so ya yaga. Amma sharaɗinsa kowa ya tashi yana dariya har cikin ransa. In ɗaya ya tafi da ciwo, abin ya tashi daga wasa, komai sunan da aka ba shi. A ɗakin kwanan ɗalibai za a yi maka suna, ana yi wa kowa. Wanda bai dame ka ba ka amsa, ka rama da wanda ya fi shi. Wanda ya taɓa ka kuwa, ka kira mutumin gefe ka ce masa, "Wannan ba na so," ba tare da ɗaga murya ba. Za ka yi mamakin yawan mutanen da ba mugunta ke gare su ba, rashin sani ne. Da na zaunar da Nasiru na gaya masa abin da ya biyo baya, yaron nan ya kasa ɗaga kai, sai "Wallahi Kawu ban sani ba" yake ta maimaitawa. Sannan ina roƙonka, ka daina riga mutane yi wa jikinka ba'a don kada su fara. Na san dabarar, na ga kana yin ta. Tana sa a so zama da kai, amma kai kake komawa ɗaki da kalaman.

Bayan wannan ne abubuwa suka sauya. Ka daina zuwa ƙwallo. Ka daina shiga hoto. Ɗinkin Sallah ya zo ka ce ciki ke maka ciwo, don kada tela ya zagaya ka da tef a gaban mutane. Kana dawowa daga makaranta sai ɗaki, ƙofa a rufe har magariba. Makinka ya yi ƙasa, jikinka ya ƙara nauyi. A nan na tafka kuskure na uku, kuma da ilimi na tafka shi, wanda ya fi muni.

Na shiga karatu. Na karanta duk abin da na samu a kan ƙiba da hawan jini da ciwon suga, na tsorata, na zauna na zana jadawali da rula na manna a ƙofar ɗakinka. Gudu bayan sallar asuba. Tuwo malmala ɗaya. Ba lemo, ba soye-soye. Na sayo ƙaramin sikeli na ajiye a falo, kowace Asabar ka hau in rubuta. Mutumin da ya yi shekaru yana kawo maka leda ya wayi gari yana leƙa kwanonka. Da na ga lambar ba ta sauka, na ce lalaci ne. Na faɗa maka haka a gaban ƙannenka. Ranar da mahaifiyarka ta ɗaga katifarka za ta shanya, ta tarar da ledojin biskit da na cincin a shimfiɗe kamar an jera su, na ce ga shaida, yaron nan ba ya son kansa da arziki.

A cikin watannin nan kuwa na shirya wani dogon rahoto a kan damuwa a tsakanin matasa. Na yi hira da likitoci, na tsara alamomin ɗaya bayan ɗaya: janyewa daga mutane, barin abin da aka saba so, canjin barci, canjin cin abinci. Aka yaba mini. Na dawo gida na wuce ta gaban ƙofarka a rufe, da jadawalina manne a jikinta, ban haɗa biyun ba.

Malama Rifkatu ce ta haɗa mini, malamarku ta lissafi, Allah Ya saka mata da alheri. Ta aiko a kira ni. Na je da shirin jin ƙarar rashin ƙoƙari, har na fara ba ta labarin jadawalin, ina jiran yabo. Ta bari na gama, ta ce, "Malam, ni ban kira ka a kan tuwo ba. Yaron nan a da shi ke gyara mini kuskure a allo. Yanzu wata uku ban ji muryarsa ba. Lokacin tara yana zama a aji shi kaɗai. Ka taɓa tambayarsa abin da ke damunsa?"

Na ce, "Ai ɗan fari ne, Malama."

Ta ce, "To, ɗan farin ba shi da zuciya ne?"

A makon muka je asibiti. Likitar ta saurare ni na minti biyu, sannan ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Na zauna a benci a waje kusan awa guda, ni da ban saba a fitar da ni daga inda ake labari ba. Da ta kira ni ta ce kana fama da ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani. Ta yi mini bayanin da nake so ka riƙe, don shi ne taswirar abin. Damuwa tana hana barci mai kyau, tana kashe sha'awar motsi, tana sa mutum neman abu mai zaƙi ko maiƙo don ya sami sauƙi na ɗan lokaci. Jiki ya ƙaru. Ƙaruwar ta jawo ba'a da kunya, kunya ta sa a ɓuya, ɓuya ta ƙara damuwa. Kowanne yana ciyar da ɗayan. Na tambaye ta wanne ya fara, don ka san ni da son sanin farkon labari. Ta ce sau da yawa ba a iya rabewa, kuma ba shi ne muhimmi ba. Ta ce ba kowane mai jiki ke da damuwa ba, ba kuma kowane mai damuwa ke ƙiba ba, wasu ramewa suke yi. Amma a wajenka an ɗaure su tare, kuma ni ina ta jan igiya ɗaya ina ƙara tsuke ɗayar.

Ta ce in cire jadawalin, in ɓoye sikelin. Ta ce gidan gaba ɗaya zai gyara cin abinci, ba a ware kwanon mutum ɗaya ba. Kai za ka riƙa zuwa ganinta kuna tattaunawa. Ni kuma ta ba ni aiki: in riƙa fita tafiya da kai, ba don ƙona kitse ba, don mu kasance tare. Da kakarka ta ji, ta ce a haɗa da addu'a da sadaka. Muka haɗa. Ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Ka tuna fitarmu Zauro kowace Lahadi bayan la'asar? Mu ajiye mota mu bi gefen fadama a ƙafa, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Na gano wani abu da likitar ba ta faɗa ba: in ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ba a kallon juna, kunya tana raguwa. Duk da haka mako uku muka yi ba mu ce komai ba sai "yi hankali da taɓo". A na huɗu, muna tsaye a bakin wata magudanar ruwa, ka ce, ba tare da ka juyo ba, "Baba, ranar sikelin nan, na so a ce ka ce musu su bari."

Na yi hira da mutane da yawa a rayuwata, ba a taɓa faɗa mini maganar da ta tsayar da ni kamar wannan ba. Na ce, "Na yi kuskure. Ka yafe mini."

Ka ce, "Na yafe." Sannan ka nuna ƙasa ka ce, "Amma ka lura magudanar nan ba daidai aka haƙa ta ba? Ruwan komawa baya yake yi."

Ka tsuguna ka ɗauki kara ka zana mini a ƙasa yadda ya kamata ta gangara. Ka yi magana ta fi minti ashirin ba tsayawa, hannunka duk laka. Ban fahimci rabin abin da ka faɗa ba, amma ban taɓa jin daɗin rashin fahimta irin na ranar ba. Muryarka ce ta dawo! Yau ga shi wannan zanen na kan laka ya kai ka jami'a. Ka je ka koyo, ka dawo ka gyara mana magudanan Rima, manoman da ambaliya ke cinye wa gona suna jiranka ko ba su sani ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce komai ya wuce ba. Har yanzu kai mai jiki ne, haka kakanka yake, kuma ya yi noma har tsufansa. Ka rage abin da ka rage a hankali, kana barci, kana ƙwallo, kana dariyar da ta kai ido. Wannan nake so ka tsare. A makon farko, tun kana cikin walwala, ka nemi asibitin makaranta ka san ƙofarsa, ka kai musu takardar da likitarka ta rubuta. Neman wuri yana da wuya in zuciya ta riga ta yi nauyi. Kada ka sayi shayin rage ƙiba ko ƙwayoyin da ake talla a waya, kada ka yi wa kanka horon yunwa. Ka riƙe sallarka cikin jam'i, ko don lada ko don a riƙa ganin fuskarka sau biyar a yini. In ka ga kwana bakwai sun wuce ba ka son fita, ba ka son ganin kowa, abin da ke ba ka daɗi ya daina, kada ka jira ya zama wata.

Saura roƙo ɗaya. Mu mutanen nan, ko a gadon asibiti aka gaishe mu sai mu ce lafiya lau. Tarbiyya ce mai kyau, amma a waya ba zan ga idonka ba, ba zan ga ƙofarka ba, gaisuwar kaɗai zan ji. Don haka kowace Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira ka. Za mu gaisa yadda aka saba, ka ce lafiya lau, in ce madalla, ka tambayi mutanen gida. In mun gama sai in sake tambaya karo na biyu: "To, yaya kake?" Wannan ta biyun ba gaisuwa ba ce. Gaskiya nake so, ko mai daɗi ko marar daɗi. In ka ce mini makon ya yi nauyi, ba zan yi wa'azi ba, ba zan zana jadawali ba. Zan saurara, in kuma ka ce in zo, motar safe za ta kawo ni.

Kai ma kana da damar yi mini tambaya ta biyun. Don kada ka ce na ɗora maka abin da ban iya ba, bari in fara amsawa tun yanzu. Ina cikin murnar da ban taɓa yin irinta ba. Ina alfahari da kai. Kuma ga ka can a tsakar gida kana ɗaure kaya kuna gardama da mahaifiyarka a kan bargo, ina jin muryarka ta taga, amma na riga na fara kewarka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya buɗe maka ƙirji ga ilimi mai amfani, Ya ba ka lafiyar jiki da kwanciyar rai, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa ka gama da albarka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, Hajiya Ige ta ce a gaya wa mijinta kada ya kuskura ya manta da ita.

Sai na kira ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu.

Wassalam,
Mahaifinka.